Saukar Littafin Bargo

Wanda ya zauna a Hayyin Ashir zamanin da yashi ya fi mutane yawa a unguwar, benaye na tsirowa kamar gero bayan ruwan fari, ya san Malam Munkaila Badamagare. In bai san shi ba, to ya san rigarsa. Shuɗiya ce, aska takwas, an yi mata shafi da farin yadi tun daga wuya har ƙasa. Faɗinta kuwa, in ya shiga bas da ita kwandasta kan tsaya shawara ko tikiti ɗaya zai yanka ko biyu. Karatu ya kawo shi Alƙahira, kuma karatun yana nan ana yi. Waɗanda suka zo tare da shi sun koma gida har sun yi furfura a kan mumbari, shi kuwa ya ce ilimi ba kunu ba ne da za a kurɓe a tsaye.

Ban da riga, babbar dukiyarsa baki. Ya iya Larabci, wannan kowa ya shaida. Ya kuma iya Faransanci da Turanci da ɗan Jamusanci na gaisuwa, wannan shi kaɗai ya shaida.

Ana nan sai wani alhaji da ya biyo ta Masar ya kawo saƙon baka, wai Inna Kulu, mahaifiyar matarsa Azara, tana tafe a duba mata ido. Ba ta kuma tashi zuwa ba sai a Tuba, watan nan na tsakiyar sanyi da Misirawa ke cewa yana mai da budurwa tsohuwa.

"To ina ga wadda ta zo da tsufanta?" in ji Azara. "Malam, abin rufa ɗaya gare mu a gidan nan. Inna ko iskar mafici ba ta so. Ka sauka gari ka sayo mata lihafi."

Lihafi shi ne bargon Masar, mai auduga a ciki da yadi mai sheƙi a waje. Nasu ja ne, mai nauyi kamar ɗan maraƙi, kuma Azara na ji da shi.

Munkaila ya saɓa riga ya nufi Wustul Balad, wato tsakiyar birni. Bai dawo ba sai la'asar, ba ƙunshi a ka, ba ƙunshi a hannu, sai wani littafi a hammata.

"Ina lihafin?"

"Ga uwarsa nan," ya ce. "Mai sayen ƙwai sau ɗaya yake ci. Ni kaza na sayo."

Ya bayyana mata cewa a wani shagon littattafai ya tarar da sababbi guda uku, saukarsu ke nan daga ƙasar Turawa, duk a kan ɗinkin bargo. Ya auna su a hannu ya zaɓi wanda ya fi ƙiba, don ilimi nauyi gare shi. Littafin sabo ne dal, takardarsa na walƙiya, kowane shafi hoto ɗaya babba da 'yan layukan Turanci a ƙasa.

Ya harɗe a kan darduma, ya yi bisimilla, ya buɗe shi ta inda duk littafin kirki ke buɗewa tun ranar da aka kai shi makaranta, wato ta dama. Turawan da suka buga shi dai ba a tambaye su ba.

A bangon akwai wata tsohuwar Baturiya mai tabarau.

"Shehiyar ke nan," in ji Munkaila. "Dubi goshi. Wannan ta sha karatu."

Shafin farko kuwa gado ne, an lulluɓe shi da wani bargo mai launi kamar kasuwar atamfa, matar na gefe da kofin shayi tana murmushi.

"Mafari ke nan. Ana farawa da bargo cikakke. Muna da shi, alhamdu lillahi."

"Me rubutun ya ce?"

Ya ƙanƙance ido, ya bi layin da yatsa daga dama zuwa hagu. "Muƙaddima ce. Godiya ga Allah, da iyaye, da malamai."

"Turawa ma suna yi?"

"Na kirkinsu."

Azara ta kai hannu za ta leƙa gaba, ya dafe littafin kamar mai kama fara.

"Kul! Shafi ɗaya a rana. Malamina a Damagaram ya ce ba a tsallake a karatu. Wanda ya leƙa ƙarshen littafi kafin ya kai, albarka ke guduwa."

Daga nan littafin ya koma aljihun riga, ba ya fitowa sai bayan sallar asuba.

Washegari hoto ya nuna matar riƙe da gefen bargon, rabi a manne, rabi na lilo. Munkaila ya ɗauko reza ya farke gefen lihafin Azara. Kashegari aka nuna allura a tsakiyar bargo, ɗinki ya tsaya a rabi. Ya wuni yana warware ɗinki, yana tara zare a kunne. Rana ta gaba da ya juya shafi sai ya yi kabbara. Ga bargon nan a hoto ya rabu: yadin sama daban, auduga daban, yadin ƙasa daban. Ya ɗaga nasa, shi ma ya rabu haka.

Ya fito kan matakala ko takalmi babu. "Jama'ar bene! Gani ya kori ji! Ɗaya ya zama uku!"

Azara ta ɗaga yadin sama, ta hango taga ta cikinsa. "Uku ne, Malam. Wanne ne a ciki ke maganin sanyi?"

"Jarirai ne. Za su girma."

Cikin waɗanda suka sauko kallo har da Ɗantsoho, Bakanon da ke zaune a hawa na sama, mai sayar da turare da carbi ga alhazai. Shi da Munkaila ba sa haɗuwa a rabu lafiya. Ɗantsoho ya taɓa firamare kafin ya gudo, don haka ya ce a ba shi littafin ya sa albarka. Ya karɓa, ya duba wannan bango, ya duba wancan, ya dubi lihafin da ke kwance a ƙasa kamar ragon da aka feɗe. Sai tari ya sarƙe shi.

"Malam Munkaila, ta nan ka fara?"

"Ta ina ake farawa a Kano? Ta taga?"

"A'a, a'a. Daidai ne. Tamam. Allah ya ƙara basira." Ya miƙa littafin da hannu biyu. "Don Allah ranar sauka kada a manta da ni."

Ya fita da sauri. Daga matakala aka riƙa jiyo wani sauti kamar akuya ta haɗiyi ɗan goruba.

"Hassada," in ji Munkaila. "Ta shaƙe shi."

Labari ya zaga bene. Habu, wani ɗalibi gwauro mutumin Maraɗi, ya kawo bargonsa na ulu mai ruwan ƙasa. Munkaila ya juya shi, ya nemi inda zai rabu uku, bai samu ba.

"Naka juya ne, ba ya haihuwa. Amma bar shi, littafin zai san yadda zai yi da shi."

Bayan fitar Habu sai ga Murja, matar Ɗantsoho, da ƙunshi a cikin zane tana waige-waige. Lihafi ne kore mai furannin ruwan zinariya.

"Malam, kada maigidan ya ji. Na ce masa na kai a buga audugar ta sake tashi. Kullum cewa yake ba ni da dabara. So nake ya wayi gari ya ga uku."

"Zai gani, Murja. Zai ga abin da bai taɓa gani ba."

Wannan dai ita ce magana ɗaya da Munkaila ya faɗa a watan nan wadda ta tabbata ba ragi.

Matsala ta farko daga auduga ta ɓullo. Ta cikin hoto a shimfiɗe take lafiyayye kamar tabarma, tasa kuwa curi-curi. Ya ce iska take so. Ya kwashe ta gidansa da ta Murja ya hau rufin bene ya baza, ya sauko shan shayi. Iskar da ke gangarowa daga dutsen Muƙaɗɗam ba ta san ana karatu ba. Kafin kofi ya huce, Hayyin Ashir ta yi fari. Auduga a kan shanya, auduga a tukunyar mai sayar da wake, auduga a kan jakin mai kayan miya. Tattabarun maƙwabta suka yi ta jigila kamar an raba musu zakka.

Mai gadin bene ya hawo yana haki, gashin bakinsa ya yi furfurar dole.

"Ya Hajji, haram alek, ba ka kyauta ba! Matata ta yi shara sau nawa yau!"

"Ma'alish, a yi haƙuri," in ji Munkaila. "Bincike ne na ilimi."

"Ilimin ya shiga miyarmu!"

"To ku ci da bisimilla."

Abin da ya tsira na audugar bai cika matashi ba. Munkaila ya ce dama littafin bai sake nuna ta ba, alamar aikinta ya ƙare.

Daga nan aka shiga babin almakashi. Hoto ya nuna yadin ya zama dogayen tsage, Munkaila ya tsaga. Hoto ya nuna tsagen sun zama 'yan murabba'ai kamar tafin hannu, ya yanka. Ja, kore, har da na Habu juya, ba wanda aka ware. Yatsunsa suka yi bororo, ya ce tawadar malamai ke nan.

Azara kuwa ta koma kwana da darduma da labulen ƙofa. Wata safiya ta zo ta tsaya a kansa, murya a toshe saboda mura.

"Malam, ni ban yi karatu ba, amma na san lamba. Ta ƙasan shafin nan, ta jiya ta fi ta yau girma. Kullum raguwa take."

"Haka Turawa ke ƙirga babban aiki. Ba ki ji yadda suka tafi wata ba? Daga goma suka faro suna saukowa. Da suka kai ɗaya, sai abu ya tashi."

"Me zai tashi a nan?"

"Za ki gani."

"Kuma bargon kullum ƙanƙancewa yake."

Ya ajiye almakashi ya dube ta da tausayi. "Azara, in ana son a san jimla, ai sai an yanka ta kalma-kalma, kalma kuma harafi-harafi. Wannan i'irabin bargo ne."

"In an gama i'irabin, jimlar tana komawa?"

"Ba mu kai babin ba."

Habu ya leƙo da rawar ɗari, ya naɗe wuya da rawani, yana tambayar labarin bargonsa. Munkaila ya zaro ƙyalle ɗaya mai ruwan ƙasa ya ba shi, ya ce ya riƙe wannan tukuna, ɗan bargonsa ne. Habu ya duba, ya yi godiya, ya fyace hanci da shi.

Ɗantsoho kuma bai fasa leƙowa ba. Kullum ya dawo kasuwa sai ya tsaya a ƙofa: "Malam, an kai ina?" In aka nuna masa, sai ya ce "Masha Allah," tarin nan ya taso, ya haye sama.

Murabba'ai suka koma 'yan kusurwa uku kamar laya. Shafi na gaba ya nuna kwando cike da ƙyallaye a cakuɗe, kowane launi ya hau kan ɗan'uwansa. Munkaila ya zuba na kowa wuri ɗaya ya gauraya kamar mai haɗa dambu, ya ɗura a buhu uku. Ya taɓa abin da ya rage na littafin, ya ji saura shafi ɗaya tak.

"Khalas, an zo ƙarshe," ya ce. "Juma'a sauka. A nan asirin yake. Malamai ba sa sakin laƙani sai a shafin ƙarshe."

"Juma'a Inna ke sauka," in ji Azara.

"Sauka biyu ke nan. Ta zo da goshi."

Ranar Juma'a bayan an taso masallaci aka hallara a rufin bene. An dafa shayi, an sayo ƙosan wake irin na Masar. Mai gadi ya zo da matarsa, don su tabbatar ba za a sake baza komai ba. Inna Kulu, wadda aka ɗauko daga filin jirgi da hantsi, an ajiye ta a kujera a tsakiya, 'yar tsohuwa kamar tsinke, haƙoran da suka rage mata na gaisawa da juna. Munkaila ya durƙusa daga nesa ya gaishe ta kansa a ƙasa, yadda suruki ke yi, sannan ya miƙe ya saɓa aska takwas ya tsaya a bayan buhunansa.

Ya yi huɗuba. Ya kawo falalar ilimi, ya kawo aibin gaggawa, ya taɓa mahassada ba tare da ya kama suna ba, sai dai ya ce galibinsu turare suke sayarwa. Ya ce yau Inna za ta zaɓi bargo kamar yadda ake zaɓen goro.

"Yalla, yi sauri, ya Hajji," in ji mai gadi. "Shayi na hucewa."

Munkaila ya ɗaga littafin sama yadda kowa zai gani, ya yi bisimilla, ya juya shafin ƙarshe.

Gado ne. Katifa tsirara, ko zanen gado babu. Baturiyar na zaune a bakinsa ta yi tagumi.

Munkaila ya lashi yatsa ya murza gefen takardar ko biyu ne suka manne. Ya murza ya sake murzawa. Bango ne.

Azara ta matso ta daɗe tana kallon hoton. "Wallahi matar nan ba ta yi ƙarya ba," ta ce. "Har tagumin irin nawa ne."

"Juzu'i na farko ke nan," in ji Munkaila. "Na biyu yana hanya."

Nan tarin Ɗantsoho ya fashe ya zama abin da yake tun asali. Ya yi dariya har hularsa ta faɗi, ya dafa kafaɗar Habu, ya karɓe littafin ya juya shi.

"Malam, Bature ta hagu yake shiga littafi! Kai ta ƙofar fita ka shiga!" Ya sa babban yatsa ya saki shafukan a guje. Jama'a suka ga gado tsirara, suka ga kwando, ƙyallaye suka haɗu, suka girma, suka hau auduga, ga bargo, ga shayi, ga murmushi. "Ɗinkawa ake koyarwa, kai ka yi ta kwancewa! Tun ranar farko na gani!"

"Ka gani ka yi shiru?" in ji Azara.

"Wane ni in tsallake wa malami karatu? Albarka ke guduwa!"

Ya zura hannu cikin buhu ya ɗebo ƙyallaye ya watsa sama kamar mai liƙi a biki. Suka sauko a hankali. Ɗaya ya sauka a hannun rigarsa, kore, da rabin fure mai ruwan zinariya. Ɗantsoho ya ɗauke shi, ya kai kusa da ido, ya juya bayansa. Dariyar ta tsaya cak kamar an ɗauke wuta.

"Murja."

"Na'am, maigida."

"Mai bugun audugar nan da kika kai wa lihafina, Badamagare ne?"

"Kai ka ce ba ni da dabara," in ji Murja. "Kuma kullum ina jin ka kana ce masa Masha Allah."

Habu, wanda tun shigowar Tuba bai yi dariya ba, ya yi ta har da atishawa.

Da wani ne, da nan ya nemi ƙasa ta tsage. Munkaila kuwa ya karɓi littafinsa, ya buɗe ta hagu, ya ƙura masa ido, ya gyaɗa kai kamar wanda aka tabbatar wa fatawa.

"Jama'a, a yi adalci. Ku dubi abin da Shehiya ta ce a fara da shi. Na ɗaya, gado ba bargo. Muna da shi, har gida uku. Na biyu, ƙyallaye. Wasu sai sun shekara suna tsintar tsumma. Mu ga buhu uku. A duk faɗin Masar wa ya kai mu shiri?"

Sai wata 'yar murya ta fito daga kujera. Inna Kulu ba ta dubi surukinta ba, 'yarta ta duba, yadda aka saba.

"Auta, tambayi maigidanki. Kafin a gama karatun ta wancan gefen, da me zan rufa?"

Azara ta juya. "Malam, Inna na tambaya."

Munkaila ya buɗe baki. Karo na farko tun zuwansa Alƙahira bai tarar da komai a ciki ba.

"Ce masa idona ba ya gani sosai," in ji Inna, "amma ina hango wani bargo shuɗi da ya rataya a wuya. Kamar zai ishe ni har ƙafa."

Ana musu da Bakano, ana musu da mai gadi, ana musu da mace a ɗaka. Ba a musu da suruka. Munkaila ya dubi sama, ya dubi ƙasa, ya tuɓe aska takwas a gaban jama'a ya miƙa wa Azara. Abin da ya rage a wurin wani ɗan siririn mutum ne cikin singileti mai huji, wanda mai gadi ya rantse bai taɓa gani a benen ba.

Aka naɗe Inna sau biyu, har da rarar da ta yi matashi. Haƙora suka daina gaisawa.

"Madalla," ta ce. "Ce masa littafin ya yi albarka."

Tun daga ranar, duk wanda ya hau rufin benen da hantsi zai tarar da mutum biyu a rana. Munkaila na ɗinki, Ɗantsoho na zura masa zare a allura, hukuncin da Azara da Murja suka yanke ke nan ba ɗaukaka ƙara. Dokar shafi ɗaya a rana kuma an soke ta. Suna ɗinki suna faɗa. Ɗantsoho ya ce ɗinkin ya karkace kamar hanyar Damagaram, Munkaila ya ce sabon salo ne, Turawa ba su kai nan ba tukuna. Munkaila bai sake zuwa ko'ina ba sai masallacin unguwa, sanye da jallabiyar aro ta Habu wadda ta tsaya masa a gwiwa. An yi wa Inna aikin ido lafiya, tana ganin allura a ƙasa, amma ta ce har yanzu ba ta ga wani bargo a gidan ba sai shuɗin.

A hankali ja da kore da ruwan ƙasa suka haɗu suka zama wani abu mai faɗi, wanda in an tsaya nesa, aka kuma yi niyyar alheri, za a ce bargo ne. Munkaila ya soma gaya wa masu hawowa cewa dama tun farko nan ya nufa, ya bi ta baya ne don ya san hanya ciki da waje. Sai hoto ya nuna ana bukatar babban yadi guda, fari, da za a shimfiɗa a ƙasa. Na lihafin duk sun tafi i'irabi.

Munkaila bai lura ba, don Azara ce ke riƙe da littafin yanzu. Ya cije zare, ya miƙe baya, ya ƙwala kira.

"Azara! Wane shafi muka kai?"

Ta hawo da almakashi a hannu. Inna na biye da ita, rungume da aska takwas an juyo cikinta waje, farin yadin na ɗaukar ido.

"Shafin rigarka, Malam."

Munkaila ya dubi rigar, ya dubi almakashin, ya yi gyaran murya.

"Wannan shafin ba dole ba ne. A tsallake shi."

"Ba a tsallake a karatu, Malam," in ji Azara. "Albarka ke guduwa."

Almakashi ya ce ƙaras. Ni ma a nan na yanke nawa.